Ayar da Kawu Ya Nemo wa Baba

Kwana huɗu ke nan Baba bai haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba, ga ciwon daji yana cin ƙashin bayansa. Ni nas ce, shekara goma ina ba iyayen wasu maganin rage zafi, amma nawa uban yana kwance yana cizon matashin kai saboda an karanta masa aya. Haushi kamar ya kashe ni.

Mai karatun kuwa Kawu ne, ƙanin Baba, dattijo a ikilisiyarmu, irin masu buɗe Littafi su tsinci layi ɗaya su rufe. Da na taso daga aiki na same shi a bakin gadon, tabarau a kan hanci.

"Kawu, me ka gaya masa?"

"Abin da ke rubuce, 'yata. Da za a gicciye Ubangiji, an miƙa masa abin sha mai kashe zafi, ya ƙi. Mu su wa da za mu sha?"

"Ai an buga masa ƙusa ma. In kawo guduma?"

"Ke! Kama bakinki!"

"Wancan watan da haƙorinka ya kumbura, wa ya zo asibitinmu yana roƙon allura kamar zai yi kuka? Ko a lokacin ba a rubuta ayar ba?"

Na fizge Littafin na dangwara masa a cinya. "Karanta sama, karanta ƙasa, ka nuna mini inda aka ce mu ma mu ƙi. Labarin abin da Yesu ya yi dominmu aka ba mu, ba doka aka kafa wa marasa lafiya ba. Shi da ya yi ta yawo yana warkar da mutane, shi ne zai ji daɗin nishin yayanka? Haba, Kawu!"

Ya lalubi takalmansa ya fita yana cewa yaran yanzu ba su da kunya.

Na ɓare ƙwaya biyu, na zuba ruwa a kofi. Baba ya juyar da fuska bango.

"Ƙyale kawunki," ya ce da ƙyar. "Ni na sa shi ya nemo mini ayar."

"Don me?"

"Mamarki. Kina makarantar kwana lokacin. Wata biyu tana ihu a kan gadon nan, tana roƙona in kai ta asibiti. Na ce addu'a ta isa. Bari ni ma in ɗanɗana."

Shekara goma sha bakwai ana ce mini cikin barci ta tafi, salin-alin. Ba zan ɓoye ba, na so in ajiye kofin nan in ja masa ƙofa, ya ɗanɗana ɗin har ya ƙoshi. Na daɗe a tsaye ina kallon ƙeyarsa, ina jin numfashinsa yana sarƙewa.

"Baba, mutum ɗaya aka gicciye saboda zunubi, kuma ba kai ba ne. Azabarka ba za ta rage wa Mama ko minti ɗaya ba. Ni kawai kake sa wa in tsaya ina kallo. Juyo."

Ya juyo a hankali, fuskarsa sharkaf da gumi da hawaye.

"Kin yafe mini?"

"Ban yafe ba tukuna. Buɗe bakinka."

Na tallafo kansa, ya haɗiye.