Kaskon Kajin Daular Han

Geng Sulan tana durƙushe a ramin yashin da yara ke gasar tsalle, tana binne tarihin ƙasar Sin da hannu ɗaya. Ɗaya hannun ba ya moruwa. Jiya da yamma ta auna kasko da guduma ta sami babban yatsanta, yanzu ga shi naɗe da filasta, ya kumbura suntum. Ta binne allon kafaɗar bijimi da ta roƙo a shagon mai miya, wanda ta yi kwana biyu tana zana masa rubutun mutanen da da ƙusa. Ta binne kwabban roba masu huda a tsakiya. Daga ƙarshe ta zazzage buhun gutsattsarin kaskon, ta tura kowanne cikin yashi ta shafe.

Kaskon na kajin uwar mijinta ne. Ruwan toka ne, mummuna, bakinsa duk ya cinye, kuma tun kafin a kawo Sulan gidan kaji ke shan ruwa a ciki. Ta duba gidan kaf ba ta ga abin da ya fi shi kama da tsufa ba, sai ta jira tsohuwa ta tafi rawar dandali da ƙawayenta, ta zubar da ruwan, ta sa shi a buhu ta hau duka.

Shekara shida ke nan tana koyar da aji huɗu a matsayin malamar wucin gadi. Bana an ba makarantar gurbin dindindin guda ɗaya, kuma darasin da za ta yi yau a gaban alƙalai daga ofishin ilimi na gunduma shi zai yanke ko nata ne ko na wata. In ta faɗi, kwantiraginta zai ƙare da zangon nan. Tsoro take ji sosai, ko kunun safe ba ta iya sha ba.

Hedimasta Pang ya zo ya tsaya a kanta, hannuwa a baya.

"Ƙaramar Geng, zurfin nawa kika yi?"

"Taƙi biyu, Hedimasta."

"Mayar da shi ɗaya da rabi. Kuma ki ja kunnen yaran nan, duk wanda ya ji ya taɓo jar ƙasa ya tsaya cak."

Duk wanda ya tashi a yankinmu na gefen Luoyang ya san abin da ke damun Pang. A nan ba a haƙa rami a zauna lafiya. Ka tashi gina masai, sai ka faɗa ɗakin wani hakimi da ya mutu shekara dubu biyu, ma'aikata su zo su ja igiya, aiki ya tsaya sai yadda hali ya yi. Makarantar ƙauyen gaba ta tono kabarin wani mai doki a filin makewayinta, shekara uku yaransu suna zagayawa gonar masara. Shi kuwa Pang, mako mai zuwa za a fara tushen ɗakin cin abincin da ya yi shekara takwas yana nema. Ba ya gaba da kakanninmu, yana dai so su ci gaba da kwanciyarsu har a zuba kankare.

Darasin gaban baƙi yana da nasa tsari, kuma Sulan ta bi shi sau da ƙafa. Sau tara aka yi gwaji. In ta yi tambaya kowa zai ɗaga hannu, wanda ya san amsa na dama, wanda bai sani ba na hagu, don baƙi su ga aji mai himma ita kuma ta san wanda za ta kira. Yarinya ɗaya ce aka yi wa doka ta musamman.

"Ke Taotao, hannun hagu. Ko kin sani, hagu."

"Malama, in na ga wani abu fa?"

"Ki riƙe shi sai gobe."

Laifin Sulan ne. Tun farkon zango take koya musu cewa mai tono tarihi ba ya yarda da labari sai ya duba, ya shafa, ya shinshina. Sauran yara sun ji sun manta. Shan Taotao, 'yar mai sayar da tofu, wato awara, ta ɗauki abin da gaske. Ita ce ta tattaro guntayen taba a bayan ɗakin ajiya, ta jera su bisa tsufa, ta tabbatar wa aji cewa Hedimasta bai daina sha ba kamar yadda ya faɗa a taron iyaye.

Ƙarfe goma baƙi suka iso. Alƙalai uku ne, shugabarsu Darakta Kou, mace mai gilashi wadda ba a taɓa ganin haƙorinta a wurin aiki ba. Sun taho da wani dattijo mai tsohuwar jaket da fulas ɗin shayi, Tsoho Dou, wanda ya yi ritaya daga gidan tarihi na gunduma. Sun ce tunda darasin na fanninsa ne, ya zo ya sa albarka. Aka jera musu kujeru a bakin ramin. Tsoho Dou ya kurɓi shayi, ya rungume fulas, ya fara gyangyaɗi.

Komai ya tafi kamar yadda aka tsara. Yara talatin da biyu, da jan ƙyalle a wuya, sun ja zare sun raba ramin gida-gida, suna share yashi da tsofaffin burosan haƙori. Aka tono ƙashi, hannuwa suka tashi, wani na dama ya miƙe ya rero bayanin yadda sarakunan Shang ke gasa ƙashi su yi duba da tsagewarsa. Aka tono kwabo, wata ta rero nata. Darakta Kou tana rubutu ba ta ko ɗagowa. Ta ga irin wannan ya fi ɗari.

Sai aka zo kan kasko. Wani yaro ya ɗaga gutsure sama da hannu biyu.

"Malama Geng, wannan kaskon zamanin daular Han ne, ya kai shekara dubu biyu."

Ya kai shi gaban baƙi kamar yadda aka koya masa. Alƙalan suka gyaɗa kai suka miƙa wa na kusa, har ya faɗa a cinyar Tsoho Dou. Dattijon ya buɗe ido ɗaya. Ya juya gutsuren, ya shafa bayansa da yatsa, ya ƙwanƙwasa shi da farce a gefen kunne. Sai ya ajiye fulas a ƙasa, abin da bai yi ba tun zuwansa.

"Yaron nan ya faɗi gaskiya," in ji shi.

Hedimasta Pang ya yi dariyar ladabi. "Ai Malama Geng ta koyar da su sosai."

"Ba zancen koyarwa nake ba. Na Han ne. Shekara arba'in ina wanke irinsa. A ina ya fito?"

Hannuwa talatin da biyu suka nuna ramin. Pang ya nemi kujera ya zauna, fuskarsa ta yi fari fat.

"Dattijo, ko dai a sake dubawa? Yashin nan daga kogi aka kawo shi."

"Za a duba. Bari in kira su su zo da igiya, daga nan har katangar can kada a taɓa komai."

Katangar can ita ce filin ɗakin cin abinci.

Darakta Kou ta ɗago a karon farko. Sauran alƙalan biyu har sun fito da wayoyinsu suna ɗaukar hoto, ɗaya yana cewa wannan sai jaridar gunduma, malamar ƙauye da ɗalibanta sun gano kayan tarihi ana tsakar darasi. Sulan tana tsaye da zare a hannu. In ta yi shiru, gurbin ya zama nata, yara kuma su ci gaba da cin abinci a tsugune a baranda. In ta yi magana, ta zama malamar tarihin da ta sa kaskon shekara dubu biyu a buhu ta bi shi da guduma, a gaban mutanen da za su sa mata maki. Ta ci gaba da naɗe zaren a hannunta.

Tsoho Dou ya ciro waya, sai kuma ya tsaya. Ya sa an kwaso masa sauran gutsattsarin, ya jera su a kan jaket ɗinsa, ya ɗaure fuska.

"Yara, ku matso. Malamarku ta ce ku masu tono tarihi ne. To, me kaskon nan yake gaya muku?"

Wannan tambaya ba ta cikin gwaji. Hannuwa suka tashi bisa al'ada, duka na hagu. Dattijon bai san dokar ba, ya nuna wadda ta fi kowa miƙa nata.

Taotao ta kalli Sulan. Sulan ta kalli ƙasa.

"Kaka Dou, fashewar sabuwa ce. Dubi bakin, fes yake, ƙasa ba ta shiga ba. Da ya daɗe a binne da ya yi datti."

"Ci gaba."

Ta ɗauki gutsure ta kai hanci. "Yana warin kashin kaji. Ga dusa ma ta maƙale a nan, ba ta gama bushewa ba."

Wani yaro ya manta da hannu gaba ɗaya. "Ga gashin kaza a nawa!"

"Nawa yana da tabon zagaye, guduma ce," in ji wata. "Babana haka yake fasa gawayi."

Aji ya ɓarke. Yaran da aka yi mako uku ana koya musu tsayuwa da zama suka dafe dattijo, kowa yana tura masa hujja. Cikin minti biyar sun gama shari'a: kaskon bai kwana a ramin nan ba, daga gidan masu kaji ya fito, kuma jiya ko shekaranjiya wani ya fasa shi da guduma a cikin buhu, don ga zaren buhun. Pang ya fara dawowa hayyacinsa, yana gyaɗa kai ga kowace magana.

"Saura wanda ya yi," in ji Tsoho Dou. "Gidan wa ake kiwon kaji?"

Rabin aji ya ɗaga hannu, wannan karon na dama.

"Ba yaro ba ne," in ji Taotao. "Kuma bai iya guduma ba, ya yi ta kuskure, dubi yadda ya ƙwarzane nan." Idonta ya sauka a kan filastar da ke babban yatsan malamarta, ya tsaya a wurin. A hankali ta mayar da hannunta baya. "Sauran zan riƙe sai gobe."

Wannan ne ya karya Sulan. Kunya ta kama ta, ba ta kaskon ba, ta ganin yarinyar da ta koya wa duba gaskiya tana haɗiye ta saboda ita. Ta ɗaga hannun mai filasta sama inda kowa zai gani.

"Ƙarasa, Taotao. Kin yi daidai. Ni ce. Na kajin uwar mijina ne, na ɗauka tarkace ne."

Tsoho Dou ya dubi gutsattsarin, ya dube ta, ya yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"Ya wuce yaƙe-yaƙe da ambaliya da kaji, sai ga shi ya haɗu da malamar tarihi. Sau nawa kika doka?"

"Bakwai. Ɗaya a yatsana."

"To, wannan ɗayan ya rama masa. Zai ɗinku, na liƙa waɗanda suka fi shi wahala." Ya mayar da wayar aljihu. "Hedimasta, gina abinka."

Pang ya kama hannun dattijon da hannu biyu yana girgizawa, har sai da aka ɓamɓare shi.

Darakta Kou ta rufe littafinta ta kira Sulan gefe. Sulan ta bi ta, tana lissafin yadda za ta kwashe kayanta daga ofishin malamai ba tare da kowa ya gani ba.

"Wa ya koya wa yarinyar nan shinshina kasko?"

"Ni ce, Darakta."

"Wa ya ce ta ɗaga hagu?"

Sulan ta shiga gyara filastar yatsanta.

"Ni ma na yi koyarwa, Malama Geng, na san hagu da dama. Shekara goma sha ɗaya ina zama a bayan aji, yau ne na fara jin yaro ya faɗi abin da ba a haddace masa ba. Gurbin naki ne, takarda za ta biyo baya." Ta gyara gilashi. "Wata mai zuwa za ki maimaita darasin nan a gaban malaman gunduma gaba ɗaya. Daidai yadda kika yi yau. Kada ki canza komai."

Ta shiga mota kafin Sulan ta tambaye ta inda za a samo wani kaskon.

Bayan an tashi, Tsoho Dou ya ce lallai sai ya ga inda kaskon ya zauna. Ta goya shi a babur ɗinta mai caji, yana rungume da fulas da buhun gutsattsari. Sun tarar da tsohuwa a tsakar gida tana yanka kabeji, ta cika ta batse.

"Sulan, ina kaskon kajina?"

"Mama, wannan baƙo ne daga gidan tarihi, shi zai yi miki bayani."

"Ba na son bayani. Wuni guda kajina ba ruwa, sai da na shiga rumbu na ɗauko musu wani."

Tsoho Dou bai ji ƙarshen maganar ba. Ya riga ya durƙusa a tsakiyar kaji, gwiwoyinsa cikin kashinsu, yana kallon wani kasko ruwan toka da ya fi na farko girma, lafiyayye, da zane zagaye da bakinsa. Wani zakara yana tsaye a kansa yana sha.

"Baiwar Allah, guda nawa gare ki?"

"Huɗu marigayi mijina ya tono da garma. Ɗaya ya ɓace jiya, ɗaya ga shi, biyu na jiƙa kabeji a ciki."

Dattijon ya rufe ido. Sulan kuwa ta tsaya tana kallon kaskon, tana tuna wata mai zuwa. Tsohuwa ta bi idonta, ta dubi buhun da ke hannun baƙo, ta dubi filastar. Ta ajiye wuƙa, ta je bakin ƙofa ta ɗauki guduma, ta sa a ƙarƙashin kujerarta, ta zauna a kai ta ci gaba da yanka kabeji.