Allon da Baffa Ya Sayo

Ranar Talata da la'asar aka tsinci Baba kwance a bayan kanta, a shagonsa na magani, kansa a fashe. Baffa, ƙanensa da suke riƙe da shagon tare, shi ya ce ya same shi haka. Tun ranar Baba yana asibiti, idonsa biyu amma bakinsa ya ƙi buɗuwa.

Akwai kyamara a saman ƙofar shagon, baƙin akwatin da ke adana hotonta yana ƙarƙashin kanta. Sai dai allon da ake kallo da shi ya tsage a ranar, wai Baba ne ya jawo shi garin faɗuwa.

"Kar wanda ya taɓa akwatin nan," in ji Baffa. "Ana kashe shi komai ya goge. Ni zan sayo allo."

Sai ranar Litinin ya sayo. Faffaɗa, siriri kamar faranti, leda a jikinsa tana ƙyalli. Mama ta yi ta sa masa albarka. Na durƙusa zan haɗa, na juya bayan allon, sai na ga ramuka biyu, duk 'yan ƙanana. Wayar akwatin kuwa kanta shuɗi ne, da haƙora jeri uku da kusoshi biyu na murɗawa. Ba inda za ta shiga.

"To, 'yar jami'a, bokon ya ƙare?" Baffa ya yi dariya. "Bari jibi in mayar a canjo."

Ni dama ba gwanar magana ba ce. Amma ina tsaye shekara uku da suka wuce lokacin da Baffa ya haɗa allon farko da hannunsa, ya murɗa kusoshin nan ɗaya bayan ɗaya.

Washegari na ɗauki hoton bayan akwatin a wayata, na tafi layin masu kwamfuta. Sau biyu ina wuce wani shago kafin in iya shiga. Mai shagon dattijo ne, tabarau a kan hancinsa. Na ba shi labarin sabon allon da wayar akwatin ta ƙi shiga.

"Wannan ai tsohon hannu ne, VGA," ya ce da ya ga hoton. "Yawancin sababbin nan ba sa zuwa da bakinsa. Wa ya saya muku? Ko makaho ya shafa zai ji ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba."

Ya jawo wani allo mai kauri daga ƙasan tebur, ya hure ƙurarsa, ya nuna mini ramin shuɗin.

"Kun dai zare akwatin daga wuta ko?"

"A'a, Baba. An ce in aka kashe zai goge."

Ya sauke tabarau. "Wa ya ce? Ai muddin yana kunne ɗauka yake, sabo na hawa kan tsoho. Irin wannan kwana bakwai yake riƙewa. Yaushe abin ya faru?"

"Talatar da ta wuce. Da la'asar."

Ya dubi agogon bango. Ƙarfe biyu da rabi. Ya ɗora mini allon a hannu ya tare mini mai babur da kansa.

Na tarar da Baffa yana zuba wa wata mata ƙwayoyi a takarda. Na gaishe shi, na zagaya bayan kanta, na dire allon, na miƙa hannu na fizge wayar wutar akwatin. 'Yar fitilarsa koriya ta mutu. Ban taɓa lura yana ƙara ba sai da ya yi shiru.

Matar ta karɓi maganinta ta fita. Baffa ya bi bayanta har bakin ƙofa, ya leƙa titi, dama da hagu, sannan ya jawo ƙofar ƙarfen ƙasa har zuwa gwiwarsa. Shagon ya yi duhu.

"Kawo in ajiye miki, 'yata. Yana da nauyi."

Na rungume akwatin a ƙirjina. Da ɗuminsa.

"Wa ya san kin zo nan?" ya tambaya a hankali.

"Mama," na ce. "Da mai shagon kwamfuta. Suna hanya."

Ya tsaya yana kallona, hannunsa har yanzu a kan ƙofar. Ni kuma ina kallon ɗan hasken da ya rage a ƙasanta, ina jiran ƙafar ko wane ne ta gifta.