Farantin Farko na Jannat

Magana ta cika benen nan na unguwar Shisha a Makka, wai Jannat, Ba'indiyar da Abdulilah ya auro, ba ta rabu da gumakan iyayenta ba. Nuha ta hawa na uku ta rantse ta gani: in tana girki ba ta ɗanɗana gishiri, kuma kafin kowa ya ci sai ta zuba a wani ƙaramin faranti ta rufe. Yayyen Abdulilah sun ba shi zuwa Juma'a, ko ya sake ta, ko su kai ƙara cewa wadda ba musulma ba tana zaune a Makka.

Hajja Maryama, gwaggon Abdulilah, shekara talatin tana koyarwa, ba ta taɓa ba ɗaliba maki a kan "an ce" ba. Ranar Laraba kafin azahar ta faɗo gidan ba ko waya. Jannat na kicin.

"Ɗanɗana miyar nan," in ji Hajja.

Ludayin ya tsaya a hannun Jannat. "Gwaggo, ba na iyawa."

"Ba kya iyawa, ko an hana ki?"

"A gidanmu a garin Surat mai girki ba ta kai wa baki sai an miƙa wa gunki. Bayan nan a raba a ci, farasad muke ce masa. Shekarata tara da musulunta, wallahi. Hannuna ne ya ƙi mantawa."

"Farantin fa, na waye?"

Jannat ta zuba shinkafa da miya, ta rufe.

"An roƙe ni kada in faɗa."

"Ba sai kin faɗa ba. Yalla, wuce gaba. Gwiwata ce ke ciwo, idona lafiya lau."

Suka hau matakala. Hajja na dafe bango tana tunanin abin da za ta ce wa Abdulilah in ta tarar da ɗan ɗaki mai turare da furanni. A hawa na uku Jannat ta zaro makulli daga ƙarƙashin tabarmar ƙofar Nuha ta buɗe.

Mahaifiyar Nuha na kwance, rabin jikinta a shanye, ga busasshen burodi a gefenta.

"Yau kin makara, 'yata," in ji tsohuwar. Ta hango Hajja, ta kau da kai. "Don Allah kada Nuha ta ji. Kunya za ta kashe ta."

Wata bakwai ke nan, tun da Nuha ta koma aikin safe, tsohuwar ce ke cin farantin farko.