Dutsen da Ya Riga Ya Sha Wuta

Sau biyu a jere farar ƙasar Farin Gemu ta ƙi tafasa.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce mene ne a ciki. To, ga yadda take. Ana faso dutse daga mahaƙa, a jera shi cikin matoya, a hura masa wuta har ya yi jawur. In ya huce sai a zuba masa ruwa. Dutsen kirki zai yi huci, ya tafasa, ya rugurguje ya zama farin kwaɓi mai laushi, wanda magina ke shafe bango da shi. Aikin da Farin Gemu ya tashi a ciki ke nan. Tun yana saurayi ƙurar matoya ta rina masa gemu, sunan ya bi shi, har tsufa ya zo ya tarar an riga an yi masa aikinsa.

Amma wannan karon ya zuba ruwa, dutse ya yi masa shiru. Ruwan ya gangara ta gefe kamar an zuba a kan ƙarfe. Ya ce itace ne bai bushe ba. Ya sake gashi da busasshen itace, ya tsaya a bakin wuta da kansa har girarsa ta babbake. Ya zuba ruwa. Shiru.

Matarsa, wadda kowa ke kira Iya, ba ta iya ɓoye magana a ciki ba.

"Malam, ba itace ba ne, ba wuta ba ce. Ido ne. Jiya fa tulu ka yi wa sallama."

"Tulun ya fi ki ladabi, bai mayar mini da magana ba."

"Yi ta ba'arka. Mai buga bulo ya sake aikowa, yana son filin matoyar nan. Ka ba shi ka huta."

Ya juya fuskarsa wajen matoyar. Daga baya ya ce, "Saura gashi ɗaya. In ya ƙi, ki aika masa ya zo ya rushe." Shi kuwa mutum ne da in ya faɗi magana ba ya lashe ta, ko da za ta ci gidansa.

Gaskiyar Iya ce ta wani wajen. Duniya ta fara yi masa kamar ana kallonta ta cikin jiƙaƙƙen mayafi. Abu mai duhu ya ɓace masa, fari ne kaɗai ke kiran idonsa. Da rana tsaka yakan zauna ya jingina da bangon matoya, wadda ta huce, ya zuba wa tudun mahaƙa ido. Sai ya ga tudun yana motsi a hankali, yana hawa yana sauka kamar ƙirjin mai barci. Wani lokaci ya ga kamar ruwa ne ya rufe shi, tsuntsayen da ke shawagi a kansa kuma kifaye. Ba ya gaya wa kowa.

A haka Auta ta same shi. Ita ce ƙaramar 'yarsa, tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin siminti, Iya ce ta kira ta a waya don ta zo ta taya ta lallashi.

"Baba, barci kake ko gadi?"

"An turo ki ki karɓe mini matoya ko? Uwarki ta ɗauko soja."

"Ni gaisuwa na zo yi." Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta miƙa hannu cikin tarin dutsen da ya ƙi tafasa, ta ɗauki ɗaya. Ta jinjina shi a tafinta. "Kai! Wannan ai bai rage nauyi ba ko kaɗan. Baba, daga ina ka faso shi?"

"Sabon gefe, can sama, jikin baƙin dutsen nan. Tunda nake ban taɓa ganin fari irinsa ba. Na ƙasa ya koma toka-toka, ko ganinsa ba na yi sosai."

Auta ta juya dutsen. A jikinsa akwai siraran zare farare, kwance kamar allurai a cikin kwali. Ta ce, "Tashi mu hau."

"Da wannan takalmin naki na 'yan ofis?"

"In na faɗi ka goya ni, ai ka saba."

Suka hau sannu a hankali, tana riƙe da gefen rigarsa, shi yana cewa shi ke riƙe da ita. A tsohon gefe ta tsaya, ta ciro wata 'yar kwalba daga jaka, irin ta maganin ido. Ta ce ruwa ne mai cin dutse, ɗan'uwan ruwan batir, da shi suke gwaji a wurin aiki. Ta ɗauki ɓallin dutse mai ruwan toka, ta ɗiga masa, ta kai kusa da kunnen ubanta.

Ya ji wani ɗan sauti, siii, kamar an jefa gishiri a wuta daga nesa.

"Numfashinsa ke nan," in ji ta. "Iska ce a ɗaure a ciki. Ita kake kora da wutarka, shi ya sa yake fitowa ba nauyi, da ƙishirwa, yana ganin ruwa ya haukace."

Suka ƙarasa sama, inda farin ya haɗu da baƙi. Ta ɗiga a kan farin, ta kai masa kunne. Ya saurara, ya sake saurarawa. Babu komai, sai iskar tudu.

"Wannan an riga ka, Baba. Ya sha wuta tun kafin a haifi kakan kakanka."

Ya zauna a kan wani falalen dutse. Auta ta zauna gefensa tana bayani, muryarta na zuwa masa kamar daga ƙasan rijiya. Ta ce dā can nan wurin teku ne. Ƙananan halittu masu ɓawo suka yi ta mutuwa suna kwantawa a ƙasa, ɓawo kan ɓawo, da yashi a tsakani, har suka daskare suka zama dutsen da yake gasawa. Ya tuna 'yan katantanwar da yakan gani a jikin dutsen ƙasa, waɗanda yake kawo mata tana ƙarama ta yi wasa. Ta ce daga baya wannan baƙin ya taso daga cikin ƙasa a narke, ya kutsa ya tsaya a nan, ya yi ta gasa maƙwabcinsa shekaru ba adadi, ba hayaƙi, ba mai hura wuta.

Farin Gemu ya lumshe ido, sai ga shi a cikin tudun. Ya ga tudun ya zama matoya wadda ba ta da ƙofa. Ya ga katantanwa suna narkewa ɗaya bayan ɗaya kamar kitse, zanen bayansu yana gogewa. Iskar da ke ɗaure ta sulale ta tsagogi ta yi sama. Abin da ya rage ya juya ya rungumi yashi, suka cuɗe, suka miƙe suka zama allurai farare, ba mai sake raba su. Sannan wani ruwa mai zafi ya fito daga jikin baƙin, yana bin jijiyoyin dutse, ɗauke da ƙarfe a narke, yana ajiyewa nan da can kamar mai rabon kaya gida gida.

"Ga shaidarsa," in ji Auta. Ta kama yatsansa ta ɗora a kan wasu ƙwayoyi jajaye masu tauri, sannan a kan wani kore-kore da ya ɓata farin. "Jan nan ƙarfe ne ya shiga. Koren nan tagulla ce. A wasu wuraren irin wannan gaɓar ake bi a haƙo ma'adini. Naka dai ɗan kaɗan ne, kada ka fara mafarkin mota."

Ya buɗe ido. "Wato ba hannuna ba ne."

"Hannunka lafiya lau. Ko wa ya gasa wannan, haka zai fito. Amma idon ne ya kai ka wurinsa, Baba, wannan kam Iya ba ta yi ƙarya ba. Za mu je a duba idon."

Ya yi tsaki, amma bai musa ba. Ya miƙa hannu. "Ba ni kwalbar."

Gashi na uku bai zaɓi dutse ko ɗaya da ido ba. Ya zauna a tsohon gefe, masu fasa dutse suna miƙo masa, yana ɗigawa yana kaiwa kunne. Wanda ya yi magana a jefa a amalanke, wanda ya yi shiru a wurgar. Masu wucewa suka ce tsoho ya fara hira da duwatsu. Bai kula su ba. Mutanen yanzu in ba su gane abu ba, dariya ce ta fi musu sauƙi.

Ranar da matoya ta huce, da hantsi, Iya da kanta ta ɗauko bokiti. Ta ce ba ta yarda ya zuba ba, kada daga baya ya ce ba ta sa hannu a aikin ba. Ta tsaya a bakin ramin kwaɓi, ta kelaya ruwan.

Da farko shiru. Farin Gemu ya sunkuyar da kai, ya juya kunnensa wajen ramin. Can sai wani dutse ya yi ƙas. Wani ya amsa. Huci ya taso, ramin ya ɗauki ɓararraka, farin tururi ya turnuƙe har Iya ta ja da baya tana kare fuska da gyale. A cikin tururin ya ga abin da ya rage masa na gani, fari tas, yana hawa sama kamar tudun ne ya saki numfashi.

"To, Malam," in ji Iya tana tari, "me zan ce wa mai bulo?"

"Ki ce in yana son bangonsa ya yi fari, ya aiko da buhu."

Ya laluba aljihu ya tabbatar kwalbar tana nan, sannan ya ɗauki shebur.