Farashin Madacin Baba

"Dubu goma sha takwas," in ji Ɗan'azumi mai sayar da katako, ya buga tafin hannunsa a kan falankin. "Wannan ma don kai ne, Ruben, kuma don rashin da aka yi maka. Jiya na sayar wa wani ɗan Abuja a kan ashirin, har yana yi mini godiya."

Na tsaya ina kallon katakon. Madaci ne, ja wur, busasshe, babu tsaga babu ƙulli. Shekara ashirin ke nan ina aikin kafinta a Keffi, ko idona a rufe yake in na shinshina katako zan faɗa maka sunan itacen. Injin yanka na ta kururuwa a bayanmu, garin katako na sauka a kan kafaɗunmu. Falanki shida nake nema, na akwatin gawar mahaifiyata, wadda ta kwana biyu a mutuware tana jirana.

"Katakon malaina fa?" na tambaya.

"Bakwai da ɗari biyar." Ya kawar da kai. "Amma Mama Anjelina a cikin malaina? Haba, Ruben. Ko wata uku gara ba za ta bar shi ba."

"Ba ni malainar."

Ya sa aka fara zaro mini, yana ta surutu irin na ɗan kasuwar da kunya ta kama. Wai daji ya ƙare. Wai madobiya sai dai labari, ƙirya kuma sai an yi tafiyar yini guda a mota kafin a ga mai kauri. Katakon tu-bai-fo ɗin da muke saye ɗari takwas yanzu ya haura dubu biyu, gungumen madaci kuwa tun yana tsaye a gona ake rububinsa. Mu biyun nan mun san abin da ba mu faɗa ba: shekara biyu da rabi da suka wuce, shi ya sayi madacin da ke kan kabarin mahaifina, ni kuma na sayar masa.

Da zan tafi sai na ce, kamar ina magana da kaina, "Gobe zan je ƙauye a haƙa mata. Gefen Baba ta ce. Kututturen yana nan ai, shi zai nuna mana wurin."

Ɗan'azumi ya daina ƙirgen falanki.

"Ka je ka gan shi da idonka?"

"Ina kututture zai je?"

Ya ci gaba da ƙirgensa. Ya dai rage mini dubu biyu, abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi.

* * *

A gidanmu, can ƙauyenmu bayan Gitata, ba ma yi wa kabari siminti. Kakanmu ya ce siminti fashewa yake yi, itace kuwa girma yake yi. In mutum ya mutu a gonarsa ake binne shi, a dasa madaci a wajen kansa. Ina ɗan shekara tara aka dasa na Baba. Mama ce ta raine shi da ruwan tulu rani uku a jere, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Tudun kabarin ruwan sama ya daɗe da shafe shi, amma itacen ya miƙe har mutum ɗaya ba ya iya rungume shi. In mun je noma a inuwarsa muke cin abinci, Mama kuwa kafin ta buɗe kwano sai ta gaishe shi ta ba shi labarin gida, wanda ya yi aure da wanda ya faɗi jarrabawa.

Da ƙafafunta suka ƙi, na ɗauko ta na dawo da ita wurina a unguwar Gangaren Tudu, nan Keffi. Daga nan ba ta sake taka gonar ba.

Ba zan ce yunwa ce ta sa ni ba, don ƙarya ta ishe ni haka. Injin goge katako nake so. Duk kafintan da ke layinmu ya sayi nasa, ni ina nan ina fama da na hannu, masu ba da aiki suna wuce ƙofata. A daidai lokacin Ɗan'azumi ya zo shagona ya zauna a kan benci, ya ce yaransa suna yanka a wajen ƙauyenmu, sun ga itatuwa biyar a gonarmu.

"Huɗu dai," na ce. "Na biyar ɗin ba na sayarwa ba ne."

"Na biyar ɗin shi ne kuɗin. Sauran ai rakiya ce." Ya matso. "Ka ji ni da kyau. In ba ka sayar ba, wasu za su sare shi ba sallama, ka tashi ba itace ba kuɗi. Kuma mu a daidai tsayin gwiwa muke yankewa. Kututture zai zauna, har tofo zai yi. Alama dai ake so, ko ba haka ba?"

Maganar ta zauna mini daram, domin dama wurin zama take nema. Dubu ɗari biyu ya ba ni a kan duka biyar ɗin. Ranar da aka kayar da su ban je ba, na ce ina da aiki. Bayan nan ma kullum ina da aiki.

* * *

Mama ba ta taɓa barin wata ya wuce ba ta tambaya ba.

"Yaya madacin babanku?"

"Yana nan, Mama."

"Ya zubar da ganye bana?"

"Ya zubar, ya sake sabo."

Sai ta gyaɗa kai ta ce, "To, madalla. Ka dai san inda za ku kai ni. Hannunsa na hagu, inda nake zama. Kada ka bari Magdalena ta ce a kai ni maƙabartar coci, ni ban san kowa ba a can."

Magdalena yayata ce, tana koyarwa a Lafiya, ba ta san komai ba. Wanda ya sani shi ne Baba Yosiya, ƙanin mahaifina da ke ƙauye. Ya aiko mini da saƙo sau ɗaya tak, cewa ba zai gaya wa Mama ba, ba don ni ba, don kada labarin ya kashe ta. Tun daga nan bai sake amsa gaisuwata ba.

Da ciwon ciki ya matsa mata a watan jiya, ta ce in je in sassaƙo mata ɓawon madacin Baba a jiƙa mata, shi kaɗai ke yi mata magani. Na fita da sassafe, na yi yawona a gari har la'asar, na sayi ɓawo a wurin masu magani a kasuwa, na shafa wa takalmana jar ƙasa. Ta kurɓa, ta riƙe ruwan a bakinta, ta daɗe kafin ta haɗiye.

"Ɗacinsa ya canja," ta ce.

"Tsufa ne ya kama shi, Mama."

Ta dube ni. Sannan ta shanye sauran har ƙasan kofi. Wannan kallon shi ke bina har yau. Ko na kunna inji don ya cika mini kunne, ba ya rufe mini ido.

* * *

Da hantsi muka isa gonar, ni da Magdalena da Baba Yosiya da masu haƙa huɗu da digoginsu. Tun daga bakin rafi na fara neman abin da zan gane, ban samu ba. Ɗorawar da ke iyakarmu da maƙwabta babu ita. Kaɗanyar da muke juyawa a gindinta babu ita. Daga inda muke har gindin dutse masara ce kawai iya gwiwa, kunya bayan kunya, ko inuwar da kaza za ta fake babu. Tsuntsu ɗaya ban ji ba.

"Ina itacen?" in ji Magdalena.

Na yi kamar ban ji ba.

"Ruben, da kai nake. Ina madacin Baba?"

"Na sayar," na ce. "Amma kututturen..."

Na shiga cikin masarar ina ture ganye, ina duba ƙasa. Na yi gabas, na dawo, na yi arewa. Raɓa ta jiƙa mini wando, zufa ta jiƙa mini riga. Baba Yosiya ya bar ni sai da na gaji don kaina, sannan ya yi mini magana, karo na farko cikin shekara biyu.

"Kai kafinta ne, amma rabin sana'ar ka sani. Masu inji in sun tashi, masu gawayi ke sauka. Rassa suke fara ƙonawa, sannan su tone kututture har saiwa, don shi ya fi ba da gawayi mai nauyi. Lokacin ina kwance a asibiti ana yi mini aikin ido. Kafin in dawo sun gama, na tarar da ramuka biyar. Na sa dutse a wanda nake zato. Da na kasa noma na ba wani baƙo aron gonar, ya kawo tarakta. Sau biyu tana bi ta kai."

Aka kira baƙon, ya ce shi haka ya sami gona, duwatsu kuwa ya kwashe da yawa ya zubar a rafi. Aka kira tsofaffin gari biyu da suka halarci jana'izar Baba. Ɗaya ya nuna kusa da hanya, ya rantse. Ɗayan ya nuna can wajen dutse, shi ma ya rantse. Tsakanin yatsunsu biyu ya fi taku ɗari. Ba laifinsu ba ne, duk wanda ya san wurin da itace ya san shi, itatuwan kuma sun tafi Abuja sun zama ƙofofi.

Magdalena ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta zauna a kan kunya ta ɗora hannu a ka tana kuka a hankali, tana cewa, "Mama, me zan gaya miki?"

Rana na ɗagawa, gawa kuma gobe za a kawo ta. Babban masu haƙan ya gyara digarsa a kafaɗa ya ce, "Oga, kai ne ɗa namiji. Ina za mu sara?"

Na rufe ido na nemi inuwar nan, da kwanon tuwo, da muryar Mama tana ba da labari. Na ga komai sarai, amma ban ga inda zan ajiye shi a cikin wannan fili ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na yi taku kamar talatin, na tsaya a inda ƙasa ta ɗan yi duhu.

"Nan ne."

Magdalena ta ɗago. "Ka tabbata?"

"Nan ne."

Suka haƙa. Ina tsaye a bakin ramin ina addu'ar diga ta taɓa ko guntun saiwa. Ɓarɓashin gawayi suka fitar a sama, daga nan sai jar ƙasa tsantsa har ƙasa, wadda ba a taɓa motsa ta ba tun da aka halicce ta.

* * *

Washegari muka binne ta cikin akwatin malaina. Na shafa masa jan fenti don ya yi kama da madaci, mutane har suna yaba aikin. Fasto ya ce yau Anjelina ta kwanta a gefen mijinta kamar yadda ta roƙa, jama'a suka ce amin. Ni bakina bai buɗu ba.

Da aka gama mayar da ƙasa sai aka juyo ana kallona, domin lokacin dashe ya yi. Na zo da ɗan madaci a leda, na saya a wurin masu renon itatuwa a bakin titi. Baba Yosiya ya tare ni da sandarsa.

"Mayar da shi. Kana da 'ya'ya, su ma wata rana za su ji farashi."

Ya kwance wani ɗauri da ya zo da shi. Sandunan aduruku ne guda biyu, ɗanyu, irin waɗanda ake kafawa a shinge su kama da kansu. Ba a yin falanki da aduruku, masu gawayi ma ba sa waiwayarsa. Ya ba Magdalena ɗaya, ta kafa a wajen kan Mama ta danna ƙasa da tafin hannu. Ɗayan ya miƙo mini.

"Wannan na ubanka ne. Tunda ka ce ka san wurin, kafa masa."

Taku biyu ne kawai zuwa daman kabarin. Kowa na jira. Na ɗaga ƙafa, sai na ji ɗacin ruwan ɓawon nan a bakina, kamar ni na kurɓa. Na yi wa Mama ƙarya tana da rai, na yi mata tana gawa, amma wannan ƙaryar ta ƙi fita. Na tsaya riƙe da sandan har mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, har motar coci ta yi ƙaho ta gaji. Magdalena ce ta ƙarshe. Ta dubi sandan, ta dube ni, ta wuce.

Da shi na dawo Keffi. Na jingine shi a bayan ƙofar shago, kusa da injin, inda rufi ke ɗan yoyo, da niyyar in na tuna wurin in koma. Jiya da safe da na buɗe shago na tarar ya fitar da ganye uku.