Zuma da Man Gyaɗa a Bayan Jaki

Najaha ta dawo daga lise, wato makarantar sakandare, ran Alhamis tana tsalle-tsalle, ta tarar da yayanta Mansur a ƙofar gida yana ɗaura wa jaki kaya. Bido biyu ne, wato jarkoki, masu litir ashirin da biyar, ɗaya man gyaɗa, ɗaya zuma. Innarsu ce ta aike shi ya kai wa gwaggonsu a Dungu.

"Yaya, tsaya! Wallahi kayan nan sai sun karkace!"

"Ke da Allah can. Bido iri ɗaya, cika ɗaya."

"Ai yau aka koya mana!" Ta tsuguna tana zane a ƙasa da tsinke. "Litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Mai bai kai ruwa nauyi ba, nasa sifili da ɗigo casa'in da biyu. Ka ninka da ashirin da biyar, kilo ashirin da uku ke nan. Zuma kuwa ɗaya da ɗigo huɗu, kilo talatin da biyar!"

"To Malama, jakin ma ya ji," in ji Mansur, ya ɗan taɓa shi da sanda.

Ba su kai bakin lungu ba igiya ta zame. Zuma ta yi ƙasa, mai ya hau gadon baya, jaki ya shiga kewaya wuri ɗaya yana kuka. Mansur ya rungume bidon zuma yana bin sa, takalminsa ɗaya ya fice.

"Najaha! Zo ki riƙe masa kai mana!"

Ina! Dariya ta kayar da ita a jikin katanga. Inna ta leƙo da muciya a hannu, ita ma ta kama ciki.

Da aka samu jakin ya tsaya, Najaha ta share hawaye ta ce, "Bambancin kilo goma sha biyu ne. A rataya ruwa litir goma sha biyu a gefen mai."

Suka auno da kwalbar litir, suka zuba a wata jarka, suka ɗaura. Kaya suka zauna daram. Najaha ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

Mansur ya sa takalminsa, yana ƙoƙarin haɗe rai, dariya na ƙwace masa. "Kada Gwaggo ta ji labarin nan."

"Ai har na kira ta a waya," in ji Inna. "Ta ce ka gaida jakin."