Baƙin Ruwa a Ƙa'ida ta Shida

Wasiƙar hukuma ta iso tashar jiragen ruwa ta Tungar Zaidu ranar Litinin. Ta ce kowace ƙungiyar matuƙa da ke aiki a tafkin Kainji ta miƙa ƙa'idojin aikinta a rubuce, da Hausa da Turanci, da sa hannun Sarkin Jirgi. Jami'i zai zo Wara ranar Alhamis ya karɓa, zai tashi da ƙarfe sha biyu na rana. Duk tashar da ba ta miƙa ba, jiragenta za su zauna a ɗaure sai ya sake zagayowa bayan mako guda. Kasuwar Tungar Zaidu ranar Asabar take ci, kuma jirage goma sha huɗu ne ke kawo mata mutane da albasa da busasshen kifi daga tsibirai.

Aikin ya faɗa kan Mufida, sakatariyar ƙungiyar. Ƙa'idojin kuwa ba a taɓa rubuta su ba. Suna cikin kan Ladan, Sarkin Jirgi, wanda ya haura saba'in, ya kuma san wasu wurare a tafkin tun suna gonaki.

Ranar Talata da hantsi suka zauna a rumfar tashar. Ladan yana faɗa, Mufida tana bugawa a waya, manhajar AI tana jerawa. Basiru, shugaban ƙungiyar, ya jingina da ginshiƙi yana ɓare gyaɗa.

"Sakatariya, aljanin naki ya taɓa shiga jirgi?"

"Bai taɓa ba, Ciyaman."

"To ya fi ni wayo."

Manhajar ta yi aiki da tsari. Da Ladan ya ce a bar taƙi guda tsakanin ruwa da leɓen jirgi, sai ta tambaya taƙin wa, tunda hannu ya fi hannu. Ladan ya shimfiɗa nasa a kan benci, Mufida ta auna da tef ɗin wani tela, aka rubuta santimita ashirin da biyu. Da ya ce kada a tashi in hadari ya taso, ta tambaya wa ke yanke hukuncin, matuƙi ko Sarkin Jirgi. Ladan ya ce shi ne, in ba ya nan kuma Basiru. Manhajar ta ba da shawarar a fara kowace ƙa'ida da aikin da za a yi, a sa dalili a baya. Suka yarda.

Ƙa'ida ta shida gajera ce. Ladan ya ce, "A baƙin ruwa, kada jirgi ya bi ta Kuka Uku."

Matuƙan wannan yanki sun san cika biyu a shekara. Farin ruwa shi ne na damina, mai laka. Baƙin ruwa yakan iso daga can nesa bayan damina ta wuce, garau, wajen Disamba. A lokacin ne kututturan itatuwan da tafki ya cinye a Kuka Uku suke kwanciya ƙarƙashin ruwa, ba a ganinsu, amma suna isa su tsaga jirgi. Hanyar tana rage rabin awa, shi ya sa matasan matuƙa ke son ta.

Wayar Mufida ba ta da haruffa masu lanƙwasa. Ta buga "a bakin ruwa", kamar yadda take rubuta kowane saƙo, ta wuce ta bakwai.

Ranar Laraba aka buga takardar a wani shagon kwamfuta a Wara, shafi huɗu, biyu Hausa, biyu Turancin da manhajar ta fassara. Bayan la'asar Mufida ta karanta Hausar a gaban matuƙa goma sha ɗaya. Da ta zo ta shida ta ce "baƙin ruwa", domin abin da ta sani ke nan, ba ta ma dubi harafin ba. Kowa ya gyaɗa kai. Ladan ya sa hannu a ƙasan kowane shafi da rubutun ajami. Ba wanda ya nemi a karanta Turancin.

Ranar Alhamis da ƙarfe goma da rabi Mufida da Ladan da Basiru suna zaune a barandar ofishin da jami'in ya sauka, ƙungiyoyi huɗu a gabansu. Mufida ta ga tana da lokaci. Ta tura wa manhajar shafin Turanci, ta ce ta taƙaita shi da Hausa mai sauƙi don a yi saƙon murya ga matuƙan da ba su zo ba. Amsa ta fito. Ta shida ta ce: "Idan jirgi yana gaɓa, kada ya bi ta Kuka Uku."

Mufida ta karanta sau biyu. Sannan ta buga cewa ba gaɓa ake nufi ba, lokacin cika ne na bayan damina.

Manhajar ta amsa: "Na karanta kalmar da k marar lanƙwasa, na ɗauka bakin tafki ne, haka na fassara. Ya kamata in tambaya, domin ƙa'ida ta uku ta nuna Kuka Uku tana tsakiyar ruwa. Turancin da ke hannunki bai hana kowa bin hanyar a kowane lokaci ba. Ga gyara, amma ki duba watannin da Sarkin Jirgi kafin a buga."

Mufida ta matsa kusa da Ladan.

"Baba, akwai kuskure. Nawa ne."

Ta yi bayani da ƙaramar murya. Basiru ya ji, ya sunkuyo.

"Ke, Sakatariya, ƙugiya ɗaya a kan harafi? Hausar dai daidai take, ko?"

"Mu muke karanta ta daidai, Ciyaman. Masu sintirin hukuma kuwa da Turancin za su yi aiki. Ba za su tare kowa a Kuka Uku ba."

"Mu tare da kanmu mana. Miƙa musu abinsu, in an kwana biyu mu aika gyara. Wa zai karanta? Cikin kabad za ta."

Ladan ya karɓi takardar, ya duba shafin da ba ya iya karantawa, ya sa yatsa a kan sa hannunsa.

"Ɗiyata, mi anka ce na ce?"

"An ce kun ce kada jirgi ya bi ta Kuka Uku yana gaɓa."

"Yana gaɓa."

"E, Baba."

"Jirgi na ɗaure, kada ya bi tsakiyar ruwa. Ni Ladan na faɗi wanga zance, har na sa hannu."

"Sarki, don Allah," in ji Basiru, "jibi kasuwa. Albasar mutanen tsibiri tana buhu tun jiya."

"Na sani. Nawa buhun na ciki." Ya miƙa wa Mufida takardar. "Baƙin ruwa saura sati uku. Yaran ga in sun ji takarda ba ta hana ba, ni za su saurara? Tai ki gyara."

Ta shiga wurin jami'in ta tambaya ko za a iya gyara layi ɗaya da biro. Ya ce takarda mai gyaran hannu ba ta shiga fayil, umarnin da aka ba shi ke nan, amma zai jira har sha biyu da kwata. Ta hau acaɓa zuwa shagon kwamfuta. A hanya ta kira Ladan ta tabbatar da watannin: Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, ko sai ya ce an buɗe. Ta gaya wa manhajar, manhajar ta rubuta layin da watannin a fili cikin harsunan biyu, ta kuma jero wasu kalmomi bakwai a takardar da ma'anarsu za ta iya sauyawa saboda lanƙwasa. Mufida ta bi su ɗaya bayan ɗaya a tsaye. Shida daidai suke. Ta bakwai, a ƙa'ida ta tara, manhajar ta ɗauki ƙafar fasinja a matsayin kafa, wato ɓula a jikin jirgi.

Babu wuta a shagon. Mai shagon ya ja igiyar janareta ya gaji, ya cire fulogi ya goge, ya sake ja. Injin ya tashi da sha biyu da minti ashirin. Lokacin da Mufida ta dawo barandar, motar jami'in ta kama hanyar Yelwa. Basiru ma ya tafi. Ladan na nan a kan bencin. Ya sa ta karanta masa ta shida da Turanci, ta fassara masa kalma kalma, sannan ya sa hannu.

Ranar Asabar jirage goma sha huɗu suka wuni a ɗaure. Kasuwa ta ci rabi, da waɗanda suka zo ta tudu. Matuƙa uku suka zo ofishin ƙungiya suka tambayi wa ya jawo. Mufida ta ce ita ce, ta nuna musu layin. Ɗaya ya yi tsaki ya fita. Biyun suka tsaya, suka ce ta karanta musu sauran.